Yadda ake nemo littafi a babban laburaren jami'a

Duk shekara ina ganin sababbin ɗalibai suna zagaye kantoci har su gaji, su fita suna cewa babu littafin. Wallahi sau da yawa yana nan, lambar da ke nuna mazauninsa a kanta ce ba su iya karantawa ba.

Da farko ka kwafe lambar gaba ɗaya daga kwamfutar laburare, kada ka bar ko harafi guda. Ni ɗaukar hotonta da waya nake yi, kai ma haka za ka yi. Laburaren jami'o'i da yawa suna bin tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, wanda aka soma tsarawa a 1897. Haruffan farko su ke nuna fanni: DT tarihin Afirka, BP Musulunci, QA lissafi, R likitanci. In ka ga lamba zalla kamar 960, to wani tsarin ne daban, na Dewey, na 1876.

Ga inda gizo ke saƙar. A ce lambarka DT 515 .B45 ce. Wannan 515 ɗin ƙidaya ce ta yau da kullum, DT 52 na zuwa tun kafin ita da nisa. Amma abin da ya biyo bayan ɗigo da harafi, ɗaya bayan ɗaya ake auna shi. Ka gwada 4 da 5 tukuna: tunda 4 ce ƙarama, .B45 na zuwa kafin .B5, ko da yake ido na cewa 45 ta fi 5. Sai da na yi kwana uku ina duba can ƙarshen layi, ashe littafin na hannun hagu, taki biyu daga inda nake tsaye. Ka sa yatsa a kan takardar da ke manne a gefen littafi, ka bi su a hankali.

In ka rasa shi a kwamfuta, kada ka raina tsofaffin akwatunan nan na katako masu ɗauke da katunan sunayen littattafai. Littattafan da aka saya tun kafuwar jami'a, ba duka aka shigar ba.

Kundayen digiri, tsofaffin jaridu da rubuce-rubucen hannu kuwa suna da ɗakinsu daban, ba a fita da su. Ka je da katinka da fensir, ka tambaya ko an yarda a ɗauki hoto, ya fi fotokwafi sauƙin kuɗi. In ka gama, ka bar littafin a kan tebur, ma'aikata su mayar da shi mazauninsa.