Yadda ake dasa Anthurium a tukunya ba tare da saiwarsa ta ruɓe ba

Anthurium tsiron ado ne dangin gwaza, amma kada wannan ya ruɗe ka. A dazuzzukan Kolombiya da Ekwado inda ya fito, jikin itatuwa yake maƙalewa, saiwarsa a waje tana shan iska, ruwan sama ya jiƙa ta ya wuce. Sau da yawa nakan ga mutum ya sayo shi da jan furensa mai sheƙi, ya dandaƙa masa ƙasar lambu kamar zai dasa tattasai. Kafin wata biyu ganyen ya yi rawaya, saiwar ta yi baƙi tana wari.

Don haka aikin duka yana wajen haɗin tukunya. Ka samo busasshen ɓawon itace ka farfasa shi ƙanana, kashi biyu. Gawayi kashi ɗaya, zaren ɓawon kwakwa kashi ɗaya. Gawayin girki ya wadatar, ba sai ka kashe kuɗi a kan haɗin kanti ba, amma wanda kalanzir bai taɓa ba, kuma ka wanke ƙurar. Zaren kwakwar kuwa ka jiƙa shi kwana biyu kana sauya ruwa, saboda yakan riƙe gishiri. Ƙasa? Ko cokali ɗaya ban yarda ba. Ka cakuɗa, ka zuba a tukunya mai huji a gindi, ka kwarara ruwa. In bai zubo nan take ba, ƙara ɓawo.

Tukunyar ta zama daidai saiwa. Babba takan tara damshin da tsiron ba zai iya shanyewa ba.

Sai ka zare shi daga ledar da aka sayar maka, ka karkaɗe tsohuwar ƙasar da yatsa. Saiwa mai lafiya fara ce, tana da kauri da tauri. Duk wadda ta yi laushi ka datse ta da reza mai tsabta. Ka zaunar da shi, ka cike gefe, kada ka danna, kada kuma ka binne wuyan da ganye ke fitowa.

Sauran mai sauƙi ne. Haske ba rana ba, kamar bakin taga ko baranda. Ban ruwa sai saman ya bushe. Da hunturu ka kawar da shi daga bakin iska, ka jera shi cikin sauran tukwane. Ka nisanta shi da yara, domin ruwan jikinsa na sa ƙaiƙayin baki irin na ɗanyen gwaza.