Yadda Za Ka Karanta Tarihin Mary Robinson Ba Tare Da Tsegumi Ya Ɗauke Ka Ba

Duk wanda ya nemi sanin Mary Robinson, 'yar wasan kwaikwayo kuma marubuciya ta ƙasar Ingila wadda ta rasu a 1800, abin da zai fara cin karo da shi shi ne laƙabin "Perdita", sunan wata budurwa da ta fito a matsayinta a wasan kwaikwayon Shakespeare, da labarin soyayyarta da Yariman Wales, magajin sarautar Ingila. A ganina, tsayawa a nan rashin adalci ne gare ta.

Ka fara da jera shekarun a takarda, domin tsarinsu kaɗai yana warware ruɗani da yawa. A 1775 ta bi mijinta gidan yarin masu bashi da jaririyarta a hannu, kuma a shekarar ne littafin waƙoƙinta na farko ya fito. Ke nan ta riƙe alƙalami tun kafin ta hau dandamalin gidan wasan kwaikwayo na Drury Lane da ke Landan a 1776, balle Disamban 1779 da yarima mai shekara 17 ya gan ta tana wasan Perdita. Ya yi mata alkawarin fam 20,000 bai cika ba, kuma sai daga baya aka ba ta fam 5,000 don ta mayar da wasiƙunsa.

Daga nan ka dubi hotunanta, kana tambayar kanka wa ya sa aka zana kowanne. A hoton da mai zane Thomas Gainsborough ya yi mata a 1781 tana zaune a natse, kare a gefenta, ƙaramin hoton yarima a hannunta. Yariman ne kuwa ya ba da aikin. Ka ajiye shi kusa da zanen ɓatanci na James Gillray, ka ga yadda mace ɗaya ta zama mutum biyu a idon Landan.

Sai ka ba rubutunta mafi yawan lokacinka. Bayan ciwon da ya kashe mata ƙafafu a 1783, alƙalami ne ya riƙa ciyar da ita. Ka karanta littafin waƙoƙinta Sappho and Phaon na 1796, sannan wasiƙar da ta rubuta wa matan Ingila a 1799 da sunan aro Anne Frances Randall, inda ta nemi a kafa wa mata jami'a.

Ka bar littafin tarihin rayuwarta na 1801 zuwa ƙarshe, ka karanta shi da lura, domin ba ta kammala shi ba. 'Yarta ce ta ƙarasa, tana ƙoƙarin wanke sunan mahaifiyarta.