Kafin ku jona motar sitefa da Arduino

'Yan'uwa, don Allah kada ku jona motar sitefa (injin lantarki mai juyawa taki-taki) kai tsaye a ƙafar Arduino (ƙaramin allon lantarki da ake sarrafa na'urori da shi). Ƙafa ɗaya ba a so ta ba da wutar da ta wuce 20mA, naɗin wayar motar kuwa ya fi ƙarfinta nesa ba kusa ba.

In motar mai waya 5 ce ko 6, kowane naɗi a ba shi taransistonsa (makunnin da Arduino zai riƙa kunnawa da kashewa), kamar TIP120, da rizisto 1k (mai rage wuta) a bes, wato ƙafar da ke kunna taransiston. Abin da na fi jin tsoro shi ne mantawa da diyod, wanda ke barin wuta ta bi ta gefe ɗaya kawai. Da an yanke wuta, naɗin yakan maido da wuta mai ƙarfi, wadda za ta iya ƙona taransisto. Ku gitta diyod 1N4007 a kowane naɗi, gefen zoben yana kallon fozitif.

Motar ta sha wutarta daban, amma ku haɗe GND (negetif) ɗin wutar motar da na Arduino. Mai waya 4 kuwa sai H-bridge, wato haɗin da ke iya juya alkiblar wuta, ɗaya ga kowane naɗi.