Yadda za ka cika sharuɗɗan digirin zane-zane, tarihin zane ko dizayin ba tare da ka ƙara shekara ba

Duk shekara sai na ga yara masu hannu, irin waɗanda in suka riƙe fensir sai ka tsaya kallo, sun shiga jami'a karatun zane da murnarsu, amma ranar da 'yan ajinsu ke sa rigar yaye su suna can ofishin sashe suna cike fom ɗin ƙarin semista. In ka bincika za ka ga yawancinsu takarda ɗaya ce ta kayar da su, wato wadda ta jera kwasa-kwasan da sai an ci kafin a ba mutum digiri, ko dai ba su karanta ba sam ko sun karanta sama-sama. Ni ma ta nan na zame, shi ya sa nake wannan rubutun. Ba zan tsaya kan sakamakon sakandare da jarabawar shiga ba, kowace ƙasa da nata tsarin kuma kowa ya san na wajensu.

Mataki na farko: ka san wane digiri ka nema

Mutane na cewa "zane nake karanta" kamar abu ɗaya ne, alhali akwai BA, digirin da ke haɗa zane da karatun gama-gari, akwai BFA, digirin ƙwarewa a aikin zanen kansa, kuma nauyinsu ba ɗaya ba. A Amurka digirin farko yawanci kiredit 120 ne, wato yunit da ake auna nauyin kwas da shi. Hukumar NASAD da ke tantance makarantun zane da dizayin a can ta sa wa BFA kusan kashi 65 cikin 100 na karatun ya zama a fannin ne kansa, ka ga wajen kiredit 78 ke nan, shi kuwa BA tsakanin kashi 30 zuwa 45 ne, sauran kana can kana ɗaukar harshe, tarihi, kimiyya da makamantansu. A yawancin Turai da nasu ma'aunin kiredit mai suna ECTS ake ƙirge, 60 a shekara, digirin shekara 3 ya zama 180, mai shekara 4 kuma 240, kuma kowane kiredit ɗaya ana lissafa shi da aikin awa 25 zuwa 30. Ingila nasu ƙirgen 360 ne a shekara 3. Kar lambobin nan su ruɗa ka har ka ɗauka wani ya fi wani yawa, ma'aunin ne ya bambanta.

Ni dai shawarata, in hannunka kake so ya ci da kai, BFA za ka nema, kar ka yi wata-wata. In kuwa koyarwa ce a ranka ko aikin gidan adana kayan tarihi ko rubutu a kan zane, BA ya fi ba ka fili. Tarihin zane dama kusan kullum BA ne.

Mataki na biyu: fotfoliyo

Wato tarin ayyukanka da za ka nuna kafin a ɗauke ka. Makarantu da yawa tsakanin aiki 10 zuwa 20 suke nema, amma ka karanta na makarantar da kake so, in sun ce 12 to 12 za ka tura, ba 13 ba. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya cika shi da fuskokin mawaƙa da 'yan ƙwallo da ya kwafa daga hoton waya, sun yi kyau kam, kamar su yi magana, amma masu dubawa ba abin da suke nema ke nan ba domin hoto ya riga ya yi maka rabin aikin, ya baje abin ya zaɓa maka haske. So suke su ga ka zauna gaban abu na zahiri ka zana shi: hannunka na hagu, takalmi da ya tsufa, kujera da inuwarta, kusurwar ɗaki. Aƙalla rabin fotfoliyon ya zama irin wannan. Ka haɗa da shafukan littafin gwaje-gwajenka, har da inda ka ɓata ka sake, suna son ganin yadda tunaninka ke tafiya.

Wajen ɗaukar hoton aikin ba sai ka nemi kyamara mai tsada ba, waya ta isa, ka fito da aikin inda hasken rana yake amma a inuwa, ka kashe filasha, ka tsaya daidai saitinsa kada ya karkace. Kowanne ka rubuta girmansa da abin da ka yi shi da shi da shekarar. Masu neman tarihin zane yawanci ba a tambayarsu fotfoliyo, rubutunsu ake dubawa. A Ingila kuma ɗalibai da yawa sukan yi kwas ɗin share fage na shekara ɗaya kafin digirin, a can suke haɗa nasu.

Abu ɗaya da ya kamata ka tambaya tun kafin ka biya kuɗin rijista: a makarantu da yawa na duniya kwas ɗin zana jikin mutum wajibi ne, kuma a wasu wanda ake zanawa ba tufafi a jikinsa. In addininka ko ranka bai yarda ba, ka rubuta wa sashen ka ji ko suna da madadinsa. Gara ka sani yanzu da a ce sai kana aji biyu.

Mataki na uku: ka zana taswirar kwasa-kwasanka a makon farko

A nan zan daɗe, don nan ne na rasa shekara guda cur.

Kusan duk inda ka je shekarar farko ta ginshiƙi ce: zane na 1 da na 2, tsara zane a kan abu shimfiɗaɗɗe kamar takarda, tsara abu mai jiki kamar sassaƙa, ilimin launi. Wannan tsari ya samo asali sosai daga makarantar Bauhaus da Walter Gropius ya buɗe a Waima ta Jamus a 1919, inda Johannes Itten ya kafa kwas ɗin share fage da kowa sai ya bi ta cikinsa kafin a bar shi ya shiga sashen saƙa ko ƙarfe ko katako. An rufe makarantar a 1933 amma tsarin ya bazu duniya. Abin da wannan ke nufi gare ka shi ne kwasa-kwasan sarƙa ne, kowace ƙawanya na riƙe da ta gabanta. Ba za a bar ka ka yi rijistar fenti na 2 ba sai ka ci fenti na 1, shi kuma sai ka ci zane na 2, kuma sassa da yawa ba sa karɓar ƙasa da C a kwas ɗin fanninka, ko da a dokar jami'ar gaba ɗaya D cin jarabawa ne.

To ga yadda na yi. A semista ta biyu na ga kowane kwas ɗin sitidiyo, wato na aikin hannu, yunit 3 ne, daidai da kwas ɗin lacca, sai na ce ai tunda zane nake so bari in kwashi huɗu a lokaci ɗaya in ture na karatu gaba. Abin da ban lissafa ba, yunit 3 na lacca awa 3 ne a aji a mako, amma yunit 3 na sitidiyo wajen awa 6 ne a tsaye gaban aiki, ban da wanda za ka koma ka ƙarasa da daddare. Huɗu sun zama awa 24 a mako kafin in taɓa aikin gida ko ɗaya. Kuma kayan aikin ba ruwansu da saurinka. Fentin mai kwanaki yake ɗauka kafin ya bushe ka ɗora wani a kai, yumɓu kuma sai ya bushe ƙayau kafin a sa shi a wuta, in da sauran danshi a cikinsa fashewa yake. Ina tuna safiyar da aka buɗe murhun gashi, tulun da na yi mako biyu ina ginawa na same shi gutsure-gutsure a ƙasan murhun, har ya ɓata na wata 'yar ajinmu da ke kusa da shi, don kawai na matsa a sa shi kwana biyu kafin lokacinsa. Na tsaya sake gina wani, shi ne na bar zane na 2 ya lalace, manyan zanen gawayi guda uku da ya kamata in miƙa biyu kawai na kai, ɗayan ma ya goge a hanya don ban fesa masa maganin kama gawayi ba. D na samu.

Sai a lokacin na gano cewa zane na 2 sau ɗaya ake bayar da shi a shekara, a semista ta biyu kaɗai. Dole na jira shekara ta zagayo, fenti na 1 ya jira shi, na 2 ya jira na 1, furojet ɗin ƙarshe ya jira su duka. Kwas ɗaya tak, amma duk sarƙar ta ja baya. Kuma wallahi bayanin nan yana rubuce ɓaro-ɓaro a littafin sashe da aka raba mana ranar farko, a ƙasan sunan kowane kwas, da ƙananan baƙaƙe.

Saboda haka ga abin da za ka yi, ɗan'uwa, ko ke 'yar'uwa. Ka samu babbar takarda ka ja mata gida-gida, kowace semista da gidanta tun daga ta farko har ta ƙarshe. Ka fara cikewa daga ƙarshe, ba daga farko ba: ka sa furojet ɗin kammalawa a gidan ƙarshe, ka duba me ake buƙata kafin shi ka sa a gidan da ke bayansa, haka za ka yi ta ja da baya har ka iso shekarar farko. Duk kwas ɗin da wani ya rataya a kansa ka zagaye shi da jan biro. Duk wanda sau ɗaya ake yi a shekara ka ja masa layi biyu. Wanda ya haɗa jan zagaye da layi biyu, shi ne ko me za a yi ba za ka bari ya faɗi ba, in semista ta yi zafi gara ka sassauta wa wani ka ceci wannan. Sannan sitidiyo kar ya wuce biyu a semista, uku in ya zama dole, huɗu kuwa ko wa ya ce maka zai yiwu kar ka saurare shi. Ka cakuɗa su da na lacca, kuma kar ka haɗa biyu masu jiran bushewa a lokaci guda. Ka kai takardar wajen malamin da aka ɗora wa kula da ajinku ya duba, domin wani lokacin abin da ke littafi ya canza. Ka kuma riƙe littafin shekarar da ka shiga, a jami'o'i da yawa da sharuɗɗan wannan shekarar za a auna ka.

Kwasa-kwasan gama-gari ma, irin su harshe da kimiyya da ake tilasta wa kowa, kar ka tara su sai aji huɗu. Na ga wanda aikinsa ya fi na kowa a baje kolin ƙarshe amma digirinsa ya maƙale saboda kwas ɗin rubutu na aji ɗaya.

Mataki na huɗu: tarihin zane ba na masu tarihi kaɗai ba ne

Ko sitidiyo kake ko dizayin sai ka yi shi, yawanci manyan kwasa-kwasai biyu na bita, ɗaya daga zanen kogo irin na Lasko a Faransa zuwa zamanin da Turawa ke kira na tsakiya, ɗayan daga zamanin farfaɗowar zane da ilimi a Italiya, wato Renaissance, zuwa yau, sannan ƙari. Jarabawarsa ta daban ce, hoto za a haska maka ka faɗi wanda ya yi, yaushe, a ina, da me, ko a haska biyu gefe da gefe a ce kwatanta, salon da aka gada daga masanin tarihin zane Heinrich Wölfflin. Ba a haddace wannan a dare ɗaya. Ka yi 'yan katuna, hoto a gaba bayani a baya, kullum biyar.

In tarihin zane ne fanninka gaba ɗaya, za a so ka taɓa zamani daban-daban da nahiyoyi daban-daban, ka yi kwas ɗin hanyoyin bincike, sau da yawa da sitidiyo ɗaya don ka san wahalar abin da kake sharhi a kai, sannan harshen waje. In kana hangen digiri na biyu ko na uku ka fara harshen da wuri, Jamusanci da Faransanci ko Italiyanci aka fi nema, mai son fasahar Musulunci kuma Larabci, Farisanci ko Turkanci.

Mataki na biyar: tantancewar tsakiya da sauran

Sassa da yawa, musamman na dizayin, suna sake tace ɗalibai a ƙarshen shekara ta farko ko ta biyu, kujeru ƙidayayyu ne. Don haka kar ka yar da aiki ko ɗaya, ka ɗauki hotonsa ranar da ka gama, ka ajiye a wuri biyu. Masu dizayin ku ba kwas ɗin tsara haruffan rubutu muhimmanci, shi ma sarƙa ne mai hawa biyu ko uku. Kafin ka sayi kwamfuta ko ka biya kuɗin manhajojin zane irin su Photoshop da Illustrator ka tambaya ko makaranta na bayarwa, in babu Inkscape da GIMP da Krita kyauta ne kuma sun isa koyo. Fenti ma na ɗalibai za ka saya, launuka biyar ko shida ka koyi haɗawa.

Zaman sharhi, inda ake kafe aikinka kowa ya faɗi ra'ayinsa, yana cikin maki, ka je ko aikin bai ƙaru ba. In akwai aikin sanin makama a wani kamfani ka tabbatar an yi masa rijista a matsayin kwas kafin ka fara, in ba haka ba za ka yi aikin ba yunit. Furojet ɗin ƙarshe yawanci aiki ne da rubutu da baje koli, ka fara neman mai duba ka tun aji uku. Saura semista biyu ka gama, ka karɓo takardar sakamakonka ka zauna da malamin ajinku ku bi jerin sharuɗɗan layi-layi, abin da ya rage ya rubuta maka ya sa hannu.