Yadda za ka rabu da "localStorage is not defined" a Next.js

Wannan saƙon na ReferenceError: localStorage is not defined ya hana mutane da yawa barci wallahi, musamman wanda ya saba da React zalla sannan ya dawo Next.js, kod ɗin da jiya yake aiki lafiya lau yau ka kwafo shi ka zuba sai shafi ya yi ja kawai. Kod ɗinka bai lalace ba ɗan'uwa, wurin da yake gudana ne ya canza.

A React zalla burauza ce ke yin komai. A Next.js kuwa sabar ce ke fara gina shafin a cikin Node.js, ta aiko HTML a shirye, sannan burauza ta karɓa ta ɗora masa JavaScript ya fara amsa dannawa, wannan matakin shi ake kira hydration. To a sabar babu window babu document, shi kuma localStorage, wato ma'ajiyar bayanai ta burauza, a cikin wayar mutum ko kwamfutarsa yake zaune, ta ina sabar za ta san abin da ke ciki?

Kuma don Allah ka cire wa ranka cewa rubuta "use client" a saman fayil zai warware maka. Tun da App Router ya zo a Next.js 13 a 2022 mutane ke wannan fahimtar, alhali component mai "use client" ma sai an fara gina shi a sabar sau ɗaya kafin ya iso burauza.

Maganin da kowa ke fara bayarwa shi ne ka sa sharaɗin typeof window !== "undefined" kafin ka taɓa localStorage. Eh, jan saƙon zai ɓace, amma in a cikin render, wato lokacin da ake gina shafin, ka yi haka ka sayo wata matsalar ne. Na gani da idona a wani shafin sayar da kaya da na yi aiki a kai, akwai ɗan lambar nan da ke saman kwando mai nuna yawan kayan da mutum ya zaɓa, sabar ta gina shafin da 0 saboda ba ta ga komai ba, burauza kuma ta karanta ta ga 3, React ya kwatanta ya ga ba su dace ba sai ya fara ƙorafin hydration failed, ya watsar da abin da sabar ta gina ya sake daga farko. Kenan amfanin da ya kai ka Next.js ɗin ma ya tafi a banza.

Abin da ya dace shi ne zagayen farko a burauza ya fito daidai da na sabar, sai daga baya ka karanta ajiyar. useEffect ba ya gudana a sabar ko kaɗan, shi ya sa nan ne wurinsa:

const [kwando, setKwando] = useState([]);
useEffect(() => {
  try {
    const ajiya = localStorage.getItem("kwando");
    if (ajiya) setKwando(JSON.parse(ajiya));
  } catch {}
}, []);

Wancan try da catch ɗin ba ado ba ne. localStorage rubutu kawai yake ajiyewa, in abin da ke ciki ya gurɓace JSON.parse zai fashe, in mutum ya toshe ajiyar shafuka a burauzarsa taɓa shi kaɗai na iya jefo SecurityError, sannan wurin ma kusan 5MB ne a yawancin burauza, in ya cika setItem zai ba ka QuotaExceededError.

Nan kuma akwai wani rami da nake so ka kula da shi sosai domin ya cinye min yini guda. In ka ƙara useEffect na biyu mai rubuta kwando cikin localStorage duk lokacin da ya canza, to a hawan farko zai rubuta kwandon da babu komai a kan kayan da mutum ya tara, kuma a Strict Mode na React 18 da effect ke gudana sau biyu lokacin gwaji, karatu na biyu zai tarar da wofi, kaya sun tafi kenan, kai kuma kana ta sabunta shafi kana mamakin inda suka shiga. Ni yanzu a cikin aikin maɓallin "saka a kwando" nake yin setItem kai tsaye, in kuma dole sai effect ɗin to ka sa wata alama da za ta hana rubutu sai an gama karatun farko.

Wani lokacin kuma ba kod ɗinka ba ne, laburaren wani ne ke taɓa window tun a wajen import, Leaflet na taswira sananne ne a wannan. Shi sai ka ɗauko shi da dynamic na next/dynamic ka ba shi ssr: false, amma a Next.js 15 dole daga cikin fayil mai "use client" za ka yi hakan. Kar dai ka naɗe shafin gaba ɗaya a haka don gudun wahala, duk abin da ka sa a ciki sabar ba za ta gina shi ba, mai raunin netwok zai zauna yana kallon farin allo.

Amma tambayar da ya kamata ka fara yi wa kanka tun kafin duk wannan ita ce, shin sabar tana buƙatar wannan bayanin don ta gina shafin daidai? In harshen da mutum ya zaɓa ne, ko baƙin launi na dare, ko shaidar shiga asusu, to tun farko ba localStorage ne gidansu ba, cookie ne, domin shi burauza ke aika shi tare da kowace buƙata, sabar ta karanta da cookies() na next/headers, wanda daga Next.js 15 sai ka sa masa await. Da useEffect za ka ga shafi ya fara fitowa fari fat sannan ya koma baƙi, da daddare abin har ido yake ci. Cookie ɗaya bai wuce kusan 4KB ba don haka ƙananan abubuwa za ka sa, token kuwa, wato shaidar shiga asusun nan, ka ba shi httpOnly yadda JavaScript ba zai iya karanta shi ba ko da wani ya cusa mugun kod a shafinka.

Masu Nuxt abin ɗaya ne, onMounted da ClientOnly, masu SvelteKit kuma onMount da browser na $app/environment. In za ka yi sharaɗi a wurin da ba cikin render ba, window za ka duba ba localStorage ba, don tun Node 22 aka fara gwajin saka wa Node nasa localStorage ɗin, ganinsa ba ya nufin kana cikin burauza. Kafin ka tura aiki kuma ka yi next build da next start, ka cika kwandon da kaya, ka sabunta shafin da F5 kana kallon console.