Kafin Ka Zuba Kuɗi a Sabuwar Waya Don An Ce Tana Jin Magana

Da zarar watan Agusta ya raba, tambaya ɗaya ce ke yawo a shagunanmu na masu waya da ke kewayen kasuwar Sheikh Gumi a nan Kaduna: "Oga, yaushe sabuwar za ta sauka?" Apple ya saba fito da sabuwar iPhone a watan Satumba. Samsung yakan buɗe shekara da Galaxy S tsakanin Janairu da Fabrairu. Tecno da Infinix kuwa kusan ko wane lokaci suna da abin da za su fitar. Kafin ko wace ta iso, raɗe-raɗinta ya riga ta zuwa, kuma a 'yan shekarun nan raɗe-raɗin ya fi karkata kan murya. Wai za ka yi wa wayar magana ta tura maka saƙo, ta lalubo hoton da ka ɗauka ranar sunan ɗanka, ta buɗe manhaja ta rufe, kai ko yatsa ba ka ɗaga ba.

Ni sana'ata gyaran waya, ina kuma ɗan taɓa saye da sayarwa. Maganar murya ta fi tsaya mini a rai fiye da kyamara ko sirantar jiki, saboda na san waɗanda za ta yi wa rana. Dattijon da idonsa ya yi rauni har sai jika ya dawo daga makaranta kafin a nemo masa lamba. Hajiyar da ta sauke Alƙur'ani tun tana budurwa amma rubutun boko bai zauna mata ba. Direban da ke tsakanin Kawo da Zariya hannunsa na kan sitiyari. Mu dama mutanen baki ne, shi ya sa saƙon murya na WhatsApp ya karɓu a wurinmu haka. Ranar da waya ta iya jin Hausa sosai, mu ne za mu fi kowa cin moriya. Don haka nake so mutum ya shirya wa wannan sayayya da idon basira, kada zumuɗi ya sa shi cinikin biri a sama.

Abu na farko shi ne ka iya rarrabe labarin da ke iso maka. Akwai wanda wani ya ce wani ya gaya masa, irin na masu bidiyo a TikTok da YouTube da ke nuna zanen wayar da ba su taɓa riƙewa ba. Akwai wanda kamfani ya nuna da kansa a kan dandamali ranar ƙaddamarwa. Akwai kuma abin da ke cikin wayar ranar da ka yage ledar kwalinta. Mutane sun san na farko ba abin dogaro ba ne. Inda ake faɗawa shi ne tsakanin na biyu da na uku.

A 2011 duniya ta yi ta jiran iPhone 5, sai ranar 4 ga Oktoba aka fito da iPhone 4S mai kama da tsohuwar, babban sabon abin da ke cikinta shi ne Siri, mataimakiyar da ake ba umarni da baki. Masu hasashe sun ci rabi sun faɗi rabi. A 2017 Samsung ya saki Galaxy S8 a watan Afrilu da maɓalli na musamman don Bixby, nasa mataimakin na murya, amma masu Turanci a Amurka ba su samu damar yi masa magana ba sai watan Yuli. Na kusa-kusa shi ne na 2024: a watan Yuni Apple ya nuna Siri da za ta san abin da ke cikin saƙonninka ta amsa maka da shi, mutane suka sayi iPhone 16 a Satumba da wannan tsammani, sai ga shi a watan Maris na 2025 kamfanin ya fito ya ce aikin zai ɗauki lokaci fiye da yadda suka zata. Waɗannan fa manyan kamfanonin duniya ne, kuma a Turanci ma. Saboda haka ranar ƙaddamarwa, ka kasa kunne ga kalmomin da ake faɗa da sauri ko a rubuta da ƙananan haruffa a ƙasan allo: "nan gaba cikin shekara", "a wasu ƙasashe", "da Turancin Amurka tukuna". Duk abin da aka rataya wa irin waɗannan kalmomi, ka ɗauka babu shi, ka yi wa wayar kuɗi a kan abin da take yi yau.

Sai maganar harshe, wadda ita ce uwa uba. Siri tana jin Larabci da Faransanci da wasu harsuna da dama, ba ta jin Hausa. Ko a Turancin ma, akwai na Indiya da na Afirka ta Kudu a cikin zaɓinta, babu namu. Google ya fi matsowa kusa da mu: ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara tun 2013, yana da Turancin Najeriya a cikin harsunan da yake saurare, sannan a watan Oktoban 2024 ya sanar da ƙara Hausa da wasu harsunan Afirka a binciken murya da kuma rubutu da baki a Gboard, allon haruffansa na waya. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma bai buƙaci ka sayi sabuwar waya ba. Amma a lura, wayar da ke rubuta abin da ka faɗa da Hausa daban, wadda za ka ba umarni da Hausa ta aikata daban. Mai talla zai ce maka "tana jin Hausa" ya yi shiru. Kai ne za ka tambaya: ji na rubutawa, ko ji na aikatawa?

Tun kafin sabuwar ta iso, ka fara da wadda ke aljihunka. Idan Android ce, shiga saitin Gboard, ka je wurin harsuna, ka ƙara Hausa. Buɗe WhatsApp, ka taɓa ɗan makirufon da ke saman haruffa, ba na WhatsApp mai ɗaukar saƙon murya ba, sai ka yi magana yadda ka saba. Kada ka gyara harshe kamar mai karanta labarai a Rediyon Tarayya. Yi irin Hausarmu ta Kaduna, mai tsarma Turanci a tsakiya, domin a nan ne injin ya fi rikicewa: ka fara jimla da Hausa ka jefa kalmar ofis ko ta banki, sai ya rasa inda zai kama. Daga nan ka buɗe taswira ka kira mata unguwanni: Hayin Banki, Unguwar Mu'azu, Kurmin Mashi, Rigasa, Badarawa. Ka rubuta a takarda waɗanda ta ci da waɗanda ta faɗi. Wannan takarda ita ce ma'auninka. Idan sabuwar ta zo ba ta wuce tsohuwar a kan waɗannan jimlolin ba, to ta fuskar murya ba ta ƙare ka da komai ba, ko da kuɗinta ya ninka sau biyar.

Ga wani aiki da kusan ba wanda ke yi, alhali shi ya fi ko wane saiti tasiri: gyara sunayen da ke cikin wayarka. Mu muna ajiye lamba da "Alh. Sani 2", "Haj. Gida", "Mal. Islamiyya", "Mmn Abba", wani ma ya ƙara da alamar zuciya ko fure. Inji ba ya san cewa "Alh." Alhaji ake nufi. Idan kana da Muhammad bakwai da A'isha biyar, ba yadda zai gane wanda kake so. Zauna da yamma bayan la'asar ka warware su ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta ko wane suna cikakke yadda bakinka ke kiransa: Kawu Bala, Inna Tudun Wada, Yaya Hadiza, Musa Mai Walda. Idan waya ta dage ba ta gane wani suna, canja shi zuwa gajere mai sauƙin furuci. Wata Hajiya da ɗanta ya kawo shagona, mutum shida kacal take kira a rayuwarta ta yau da kullum. Muka gyara sunayen shidan nan, na ce, "Hajiya, ki danna nan ki riƙe, ki faɗi kalma ɗayan nan ta Turanci, sai ki kira sunan." Kalma ɗaya ta haddace, kuma tun daga ranar ta daina jiran kowa kafin ta kira 'yarta da ke aure a Barnawa. Wayar tata ba ta kai ta 'yan gayu ba ko kusa.

Wanda hannunsa ne ke da lalura, ya sani akwai abin da ya wuce mataimaki mai amsa tambaya. A Android akwai Voice Access, a iPhone akwai Voice Control tun iOS 13 na 2019. Su suna iya jera lambobi a kan duk abin da ke fuskar waya, ka faɗi lamba su danna maka. Makaho kuma abin da ya fi buƙata shi ne mai karanta masa allo, wato TalkBack ko VoiceOver. Duka suna cikin sashen taimakon masu lalura, kyauta.

To, waya ta sauka, ka zo shago. Kada ka yarda a gwada maka, kai za ka gwada da bakinka. Kuma kada ka gwada a cikin shago mai gilashi da sanyin na'ura. Nemi izini ka tsaya a bakin ƙofa, inda janaretan maƙwabci ke ruri, 'yan Keke Napep na danna oda a kan titin Ahmadu Bello, mai rake na kiran ciniki. A irin wannan wurin za ka yi amfani da ita. Fito da takardarka ka maimaita jimlolin nan. Bayan haka ka kashe data da Wi-Fi gaba ɗaya ka sake gwadawa. Wannan gwajin zai nuna maka abin da wayar ke yi da kanta da abin da take aikawa can wata ƙasa a sarrafa a dawo mata da amsa. Tun iOS 15 na 2021 Siri na iya wasu ƙananan ayyuka ba intanet, kamar saita ƙararrawa da buɗe manhaja, amma yawancin abubuwan burgewa da ake nunawa a talla sai da sabis mai ƙarfi. Duk wanda ya taɓa shiga jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja ya san yadda sabis ke ɗaukewa a hanya, kuma kowa ya san abin da data ke ci a wata.

Ka tambayi daga wace ƙasa aka shigo da ita. Apple ba shi da shagon kansa a Najeriya, kayan ta Dubai da Amurka da Ingila suke biyowa, su sauka Ikeja ko Farm Centre ta Kano kafin su iso mana. Daga iPhone 14 zuwa sama, wadda aka yi don kasuwar Amurka ba ta da ramin sa layi, sai eSIM, wato layin da ake ɗorawa a waya ba tare da kati ba. Ba laifi ba ne, amma sai ka tabbatar kamfanin layinka zai mayar maka da lambarka zuwa eSIM kafin ka biya. Danna *#06# ka gwada lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, da ta jikin kwali. Idan ta hannu ce, a cire asusun tsohon mai ita a gabanka.

Game da lokacin saye, ra'ayina a fili yake: makonnin farko na masu kuɗin da ba sa ciwo ne. Kaya kaɗan ne ke shigowa, masu so da yawa, ga dala ba ta zama wuri ɗaya. Wanda ya yi haƙurin wata biyu zai samu farashi ya lafa, an kuma saki gyaran farko na manhaja, ya ji daga bakin waɗanda suka riga shi. Fitowar sabuwa kuma tana karya kuɗin ta bara. Da iPhone 16 ta fito, Apple ya sauke iPhone 15 daga dala 799 zuwa 699. Sai dai a nan akwai tarko: sababbin ayyukan ƙirƙirarriyar basira da ake kira Apple Intelligence daga iPhone 15 Pro suka fara, iPhone 15 zalla ba ta samu ba. Idan don murya kake saye, duba jerin wayoyin da kamfani ya ce aikin zai hau kansu. Wanda zai sayar da tsohuwarsa ya cika, gara ya sayar kafin ranar sanarwa, muddin yana da wata 'yar ƙarama da zai riƙe, kuma ya tabbatar hirarrakinsa na WhatsApp sun hau Google Drive ko iCloud. Mai tsallakawa daga Android zuwa iPhone, da manhajar Move to iOS zai kwashe su, kuma a lokacin saitin farko ake yi, don haka kada ya bari yaron shago ya riga shi kunna wayar ya wuce wurin.

Wayar da ke jiran ka kira ta, kunnenta a buɗe yake. A 2019 ya fito fili cewa akwai ma'aikatan haya da ke sauraron wasu guntayen muryoyin masu amfani da Siri da na Google don gyara aikin injin, har Apple ya ba da haƙuri ya canja tsari. A gidan da ake da iyali da sirrin ɗaki, ni shawarata a kashe kiran baki, a bar sai an danna maɓalli. A kuma hana mataimakin aiki idan waya na kulle, domin ba ka so wanda ya tsinci wayarka a cikin Keke ya sa ta karanto masa saƙon banki.

Hunturu na tafe jim kaɗan bayan wayoyin Satumba sun iso, kuma ƙurar Kaduna ba ta raga wa ramin makirufo. Da yawa daga masu zuwa suna cewa waya ta daina jin su, ƙura ce kawai ta toshe ramin, ko kuma rigar roba mai arha ta rufe shi. Kada ka zura allura ko tsinken sakace, akwai siririn raga a ciki da ke tare ruwa, idan ka huda shi ka jawo wa kanka canjin kaya. Busasshen buroshin haƙori mai laushi ya isa, ka share a hankali wayar na kallon ƙasa. Idan ka ɗauki saƙon murya ka saurara har yanzu muryar na fita a shaƙe, kawo ta a buɗe a duba.