Kafin Ka Ɗora Yatsanka a Na'urar Gwamnati, da Bayan Ka Ɗora

Ba na cikin masu cewa a guje wa rajistar katin ɗan ƙasa ko fasfo. Idan ka ƙi, kai za ka sha wuya, domin layin waya, asusun banki da tafiye-tafiye duk an ɗaure su da ita a ƙasashe da dama. Abin da nake ba mutane shawara a kai shi ne su daina miƙa yatsa da ido su juya su tafi ba tare da sun san inda abin zai kwana ba.

Dalilina mai sauƙi ne. A shekarar 2015 aka gano cewa masu kutse sun shiga rumbun bayanan ofishin kula da ma'aikatan gwamnatin tarayyar Amurka, suka kwashe bayanan mutum miliyan 21.5, a ciki har da zanen yatsun mutum miliyan 5.6. Lambar sirri idan ta fita sai ka sauya, amma waɗancan mutanen da yatsun nan za su shiga kabari.

To, a wurin rajistar, kafin ka zauna gaban na'ura, tambayi wace doka ce ta ba su ikon ɗaukar abin da za su ɗauka. Kada ka ji nauyi. Fom ɗin gwamnati yakan haɗa abin da doka ta wajabta da abin da hukuma kawai take sha'awar sani, kuma da wuya a bambance maka su. Duk gurbin da aka ce ba dole ba ne, bar shi fari. Hukuma na iya wuce gona da iri: a watan Janairun 2020 Babbar Kotun Kenya ta hana gwamnati tattara ƙwayoyin halitta (DNA) da kuma lambar da ke nuna ainihin wurin gidan mutum a shirinta na rajistar 'yan ƙasa mai suna Huduma Namba, sannan a Oktoban 2021 kotu ta ce raba katunan ya saɓa wa doka tunda ba a fara auna haɗarin da shirin zai jefa bayanan jama'a ba. Ka kuma duba ko wanda ke riƙe da na'urar ma'aikacin hukuma ne ko ɗan kwangila, ka karɓi takardar shaidar rajista, ka karanta sunanka da ranar haihuwarka a fuskar kwamfuta kafin ya danna. Gyaran harafi ɗaya daga baya yakan fi rajistar kanta wahala.

Idan na'ura ta ƙi karɓar yatsanka, kamar yadda take yi wa tsofaffi da masu aikin ƙarfi da zanen hannunsu ya goge, nemi a rubuta hakan a fayil ɗinka, a faɗa maka wata hanyar tantancewa. Ba laifinka ba ne, kuma bai kamata ya hana ka haƙƙinka ba.

Aikin da ya fi muhimmanci a ganina yana zuwa ne daga baya, kuma kusan ba wanda ke yinsa: rubuta wa hukumar takarda kana neman ta nuna maka abin da ta ajiye a kanka. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018 ta ba da wannan dama, haka dokar Kenya ta 2019 da ta Najeriya ta 2023. Aika takardar ga jami'in kare bayanai na hukumar, ka sa kwanan wata, ka ajiye kwafi. Kada ka rubuta dogon ƙorafi, tambayoyi kawai za ka jero: waɗanne bayanai ne kuke riƙe da su, don wane dalili, har zuwa yaushe, kuma wa da wa kuka ba? Ƙara da wadda na fi so, domin ita ce take sa su koma ga masu kula da kwamfutocinsu: ainihin hoton yatsana kuka ajiye, ko lissafin lambobi da aka fitar daga hoton? A Turai suna da wata ɗaya su amsa, ana iya ƙara musu wata biyu idan batun yana da sarƙaƙiya, kuma kwafin farko kyauta ne.

Kada ka sa rai za su goge bayanan katin ɗan ƙasa don ka nema, tunda doka ce ta sa su ajiye. 'Yan sanda da hukumomin tsaro ma suna da ƙofofin kaucewa. Abin da za ka fi samu shi ne gyaran kuskure da sanin hannun da bayananka suka shiga. Idan suka yi shiru, ɗauki kwafin takardarka ka kai wa hukumar kare bayanai ta ƙasarku, ka haɗa da shaidar ranar da ka aika.

Sai kuma kamfanoni masu fakewa da sunan gwamnati. A Satumban 2018 Kotun Ƙolin Indiya ta amince da tsarin Aadhaar, wato lambar shaida da gwamnati ke ba mazauna ƙasar, amma ta ce bankuna da kamfanonin waya ba za su tilasta wa mutum ba da lambarsa ba. Duk ɗan kasuwar da ya ce maka "doka ce", ce masa ya nuna maka sashen. A Indiya mutum na iya kulle bayanan yatsansa da idonsa ta intanet har sai ranar da yake buƙatarsu, yana kuma iya ba da lambar wucin gadi mai alƙaluma 16 a madadin ta ainihi mai 12. Tambayi hukumar ƙasarku ko tana da irin wannan, in akwai, kulle naka tun yau.